Gobarar gidan wanka na Everard a New York: wa ya toshe tagogin?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. A jerin gobarar manyan birane da muke bi, yau layi ya zo kan wadda ta tashi a New York ranar 25 ga Mayu, 1977, a wani gidan wanka mai suna Everard da ke titi na 28 a Manhattan. Mutum tara ne suka mutu a ciki. Bari in faɗa tun daga farko, kada wani ya ce an shammace shi: gidan wanka ne da maza masu neman maza suke taruwa, kuma an san shi da haka fiye da shekara hamsin kafin gobarar.

Ginin asalinsa coci ne. A 1888 wani attajiri mai kamfanin giya, James Everard, ya mayar da shi gidan wanka irin na Turkawa, da ɗakin tururi da wurin iyo da masu tausa da ƙananan ɗakunan hutawa. Don 'yan kasuwa da masu hannu da shuni aka buɗe shi. A zamanin nan yawancin gidajen haya na New York ba su da wurin wanka, mutum goma ne a ɗaki biyu, famfo ɗaya a tsakar gida. Saboda haka fita waje yin wanka ba abin mamaki ba ne ga kowa. Har doka jihar ta yi a 1895 ta tilasta wa manyan garuruwa su gina gidajen wanka na kyauta don talakawa. Da gidaje suka fara samun banɗaki da ruwan zafi, sai ciniki ya ja baya, masu gidajen wanka suka koma dogaro da waɗanda ba wanka kaɗai ke kawo su ba. A watan Janairun 1919 'yan sanda suka kai samame Everard suka kama manajan da mutum tara. A 1920 suka sake komawa suka kama goma sha biyar.

Ustaz Nura: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ina girmama ka, amma fisabilillahi me ya kawo wannan magana cikin zauren nan? Akwai yaranmu a nan, akwai matan aure. Aikin mutanen Annabi Luɗu ne, hukuncinsa a bayyane yake, babu wani tarihi da zai wanke shi. Ni a ganina a share kawai.

Baba Ɗanjuma (mai kula da zaure): Ustaz, na ji ka. Ba za a share ba, amma ga sharaɗi. Ba batsa, ba zagi, ba wanda zai yi wa wani wa'azin dole ko ya yi masa tallar wani abu. Mun yi maganar gobarar masana'antar ɗinki ta Triangle ta 1911 da ta ci mutum 146 saboda an kulle ƙofofi, ba wanda ya tambayi addinin waɗanda suka mutu. Malam Habu, ci gaba.

Malam Habu: Na gode Baba. Allah ya gafarta Malam Nura, ban zo in halatta abin da addini ya haramta ba, ba kuma huruminna ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen nan suka mutu, domin akwai abin dubawa a ciki.

Wutar ta tashi da sanyin safiya, mutane da yawa suna barci a benaye na sama. An yanyanka benayen ne zuwa ƙananan ɗakuna da siraran katako, kowanne da katifa, layi bayan layi, hanyar wucewa ƙunci, haske kaɗan. Tagogin kuma an lulluɓe su da allo daga ciki. 'Yan kwana-kwana da suka iso suka kafa tsani, suka fasa gilashi, sai suka tarar da bango a bayansa. Su da kansu suka ce wannan ne ya hana su ceto da wuri. Bakwai hayaƙi ne ya kashe su, ɗaya ƙuna ce ta hanyar numfashi, ɗaya kuma ya diro daga sama. Ƙaraminsu shekararsa 17, babbansu 40. Mutum tsakanin 80 zuwa 100 suka tsira, da yawa daga su sai tawul a ƙugu.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni tausayi. An sha wuya kafin a gane gawarwakin, domin yawancin masu shiga ba sunansu na gaskiya suke rubutawa a littafin ƙofa ba. Akasarinsu abokai ne suka zo suka shaida su, ba dangi ba.

Injiniya Kabiru: Malam, ka bar abu ɗaya wanda a wurinmu masu aikin gini shi ne gaba da komai. Hukuma ta riga ta umarci gidan ya sa bututun yayyafin ruwa na kashe gobara, irin wanda ake bi da shi ta silin. An sa bututun, amma ranar da wuta ta tashi ba a haɗa shi da ruwa ba tukuna. Ƙarfe ne kawai a rataye. Irin wannan bututu da zafi ya kai wani mizani sai kansa ya fashe ya saki ruwa daidai inda wutar take, tun tana ƙarama. Katifa da katako kuwa kafin harshen wuta ya kai ga mutum hayaƙinsu ya riga ya gama da shi. Ni dai a wurina wannan sakacin mai gida ne da sakacin masu duba gine-gine, ba sai an kawo maganar su waye ke ciki ba.

Malam Habu: Injiniya, a nan ne muka ɗan rabu. Tambayi kanka, me ya sa aka toshe tagogin? Mai gida bai ƙi iska ba. Mutanen da ke shiga ne ba sa son a hango su. A jihar New York wannan aiki babban laifi ne har 1950, daga nan ya koma ƙaramin laifi, kuma sai a 1980 kotun ƙoli ta jihar ta soke dokar. Tun 1903, da aka kai samame gidan wanka na Ariston, an yanke wa wasu shekaru masu yawa a kurkuku. Wanda sunansa ya fito a jarida ya rasa aiki, ya rasa gidan haya, wani ya rasa iyali. To mutumin da ke cikin wannan hali, in ya ga waya a tsirara ko ƙofar gudu a kulle, wa zai kai wa ƙara? Ya je ofishin hukuma ya ce daren jiya a Everard na kwana? Mai gida ya san babu mai buɗe baki, shi ya sa ya bar wurin ya lalace yana karɓar kuɗinsa.

Sani Bronx: Salamu alaikum. Ni tasi nake ja a garin nan, unguwar kuwa na san ta ciki da bai. Wajen Broadway da titi na 28 nan ne 'yan sari suke, 'yan uwanmu na Nijar da Ghana da Senegal can suke sayen jakunkuna da turare da huluna su kai teburinsu. Gaba kaɗan kasuwar furanni ce, da asuba gefen titi cike da tukwanen shuka har ba wurin taka ƙafa. Ginin yana nan, shaguna ne a ciki yanzu, ƙofarsa mai baka kamar ta tsohon coci. Wallahi na sauke fasinja a bakin wurin ban san an taɓa mutuwa a ciki ba. Amma abin da Malam Habu ya faɗa game da rashin kai ƙara, wannan na san shi ta wata fuskar. Mutanenmu da ba su da takardun zama suna kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ƙofa ɗaya, ba taga, ga hita a kunne. Ba wanda zai kira hukuma, don in ta zo da shi za ta fara.

Ustaz Nura: Sani, kada ka haɗa su. Wanda ya bar gida neman halali daban, wanda ya shiga gidan alfasha da ƙafarsa daban. Ni ban yi murna da mutuwar kowa ba, Allah shi ne shaida, rai ba abin wasa ba ne, balle yaro ɗan shekara 17. Amma in al'umma ta ce abu laifi ne, ba za a dawo a ɗora mata alhakin ɓuyan mai laifi ba. Da bai je ba da bai ƙone ba.

Hajiya Binta: Ustaz ƙanena, bari in sa baki, don ni a ɗakin marasa lafiya na tsufa. Da bai je ba da bai ƙone ba, gaskiya ne. Haka ma direban da ya yi gudun wuce sa'a, haka mai shan taba da huhunsa ya lalace. Duk da haka in aka kawo su ba ma tsayawa tambayar laifin wa, jijiya muke nema mu sa ruwa. Aikin mai duba gini ma haka yake. Ba a ba shi albashi don ya auna imanin masu kwana a ciki ba.

Kuma Malam Habu, kada ka tsaya a gobara. Ka faɗa musu abin da ya rufe gidan, don a nan ne muhawarar gaske take.

Malam Habu: Ranki ya daɗe, kin riga ni. Wuta ta cinye benaye biyu na sama, aka gyara, aka sake buɗewa. A lokacin ma Everard ya zama tsohon yayi. Tun 1968 wani mai suna Steve Ostrow ya buɗe wani gidan wankan mai suna Continental a ƙarƙashin otal ɗin Ansonia, mai tsafta, da dandalin waƙa, inda mawaƙiya Bette Midler ta fara yin suna. Bayan tarzomar Stonewall ta Yunin 1969, lokacin da masu zuwa wata mashayar irin mazan nan suka yi artabu da 'yan sandan da suka kai samame, abin ya fito fili sosai. A 1979 aka sabunta gidan wanka na St. Marks, wanda ya zama mafi girma a garin.

Sai ga Yunin 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu samari biyar a Los Angeles da wani irin ciwon huhu da ba a saba gani ga masu ƙarfi a jika ba. Farkon sanin ƙanjamau ke nan. Ba a gano ƙwayar cutar ba sai 1983 a Faransa, gwajin jini kuwa sai 1985. A tsakanin nan mutane suna ta mutuwa, ba magani. A watan Oktoban 1985 jihar New York, zamanin gwamna Mario Cuomo, ta ba da ikon rufe duk wurin da ake saduwa mai haɗari. Aka rufe St. Marks a Disamba. Aka rufe Everard a Afrilun 1986, zamanin magajin gari Ed Koch. Shekara 98 da buɗe shi.

Zulai: To Malam, ai wannan ba abin muhawara ba ne. Annoba ta ɓarke, an san ta inda take bi, an san inda ake haɗuwa da mutum da yawa a dare ɗaya. Ko kwalara ce in an gano rijiyar ai rufe ta ake yi. Abin da ma zan tambaya shi ne me ya sa aka jira shekara huɗu.

Hajiya Binta: 'Yata, tambayarki ita likitocin can ma suka yi ta yi wa juna, kuma ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Kwamishinan lafiya na birnin a lokacin, David Sencer, bai goyi bayan rufewa ba. Ba ƙaramin mutum ba ne, ya shugabanci hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar baki ɗaya. Hujjarsu ita ce cutar ba a jikin gini take ba, a cikin abin da mutane ke yi take. In ka rufe ƙofa ba su daina ba, sun watsu ne zuwa lambuna da bakin teku da ɗakunan otal, inda ma'aikacin lafiya ba zai taɓa samunsu ba. A gidan wankan kuwa akwai bango da za ka manna sanarwa, akwai teburin da za ka zuba kwaroron roba, akwai ɗakin da za ka ɗebi jini. Tun kafin ƙanjamau ana zuwa irin wuraren nan ana gwajin ciwon sanyi da tunjere. Ga kuma magidancin da ba zai taɓa taka ƙofar wata ƙungiya ba, ba zai faɗa wa likitansa ba, can kaɗai za ka same shi. In ba ka same shi ba, matarsa ce za ta biya.

Wani abu da mutane ba su sani ba: allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda yau ake yi wa jariranmu, babban gwajin da ya tabbatar tana aiki a New York aka yi shi daga 1978, a jikin maza masu neman maza sama da dubu da suka ba da kansu. Saboda ana iya samunsu, ana iya bibiyarsu, shi ya sa aka iya aikin.

Injiniya Kabiru: Hajiya, ina jin hujjar, amma tana da rami. Mai gidan wanka ɗan kasuwa ne. Wanda bai haɗa bututu da ruwa ba, shi za a amince wa ya kula da lafiyar mutane? Riba yake ci daga yawan masu shiga. Kuma ba daidai ba ne a ce wuri ba ya da tasiri. Wurin da ke sauƙaƙa wa mutum haɗuwa da goma a dare ɗaya ba ɗaya yake da lungun da zai haɗu da ɗaya ba. Lissafi ne kawai.

Malam Habu: Kuma su kansu masu zuwa wurin sun rabu biyu, Injiniya. Wasunsu da suka binne abokai sun fito sun ce a rufe, 'yan uwansu suka kira su maciya amana. Wasu suka ce yau gidan wanka, gobe mashaya, jibi gidajenmu. Tsoron nan yana da tushe. A Toronto ta Kanada, ranar 5 ga Fabrairun 1981, 'yan sanda suka afka wa gidajen wanka huɗu a dare ɗaya suka kama mutum kusan 300, suna fasa ƙofofi da guduma. Ba maganar cuta a lokacin. Wanda ya ga wannan, in hukuma ta zo masa bayan shekara uku ta ce don lafiyarka nake yi, da wuya ya yarda.

San Francisco ta bi wata hanya. A Oktoban 1984 daraktan lafiya Mervyn Silverman ya ba da umarnin rufe wurare 14. Kotu ta ce za su iya buɗewa, amma a cire ƙofofin ɗakuna, a sa masu zagayawa suna dubawa. Yawancinsu suka mutu da kansu don ciniki ya ƙare. Amma a Berkeley, tsallaken ruwa kaɗan, wani gidan wankan ya ci gaba da aiki. Mai son zuwa sai ya hau gada.

Zulai: Na fahimta, amma har yanzu ina nan kan bakana. In ni ce kwamishina a 1984, ba magani, ba gwaji, gawa tana fita kullum, zan rufe. Ko mutum ɗari na tsirar ai na tsirar. Sai dai zan yarda da Hajiya a kan abu ɗaya, rufewa kaɗai ba aiki ba ne in ba a bi mutanen da ilimi ba.

Ustaz Nura: Kun ga abin da nake faɗa. Duk wannan kai da kawo, da an tsaya inda Allah ya ce a tsaya da ba a shiga ba. Hajiya, ina jin tsoron irin maganarki ce ake shigo mana da ita da sunan kiwon lafiya, a raba wa mutane kayan aikata saɓo a ce taimako ne.

Hajiya Binta: Ustaz, tsoronka na gane shi, kuma ban ce ka canza wa'azinka ba. Ka hau mumbari ka faɗi abin da ka sani, wannan aikinka ne. Nawa aikin daban. Najeriya ta ba da rahoton ƙanjamau na farko a 1986, shekarar da aka rufe Everard, kuma a nan yawancin waɗanda na yi jinya matan aure ne da jarirai. Na riƙe hannun yarinyar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, nauyinta bai kai na 'yar shekara goma ba, bakinta duk farin ƙuraje, tana tambayata me ta yi. Mijin ya san halin da yake ciki, tsoron a gane ta inda ya samo ya hana shi zuwa asibiti.

Bayan dokar Najeriya ta Janairun 2014, wadda ta sa shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga ƙungiyoyinsu, an yi bincike a Abuja a kan irin mazan nan. Masu cewa suna tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 38. Ba ina kawo wannan don a yi gardamar doka a nan ba. Ina faɗa ne don wanda yake shan maganinsa kullum har ƙwayar ta kwanta a jininsa ba ya sa wa matarsa. Wanda ya ɓuya kuwa yana sawa.

Sani Bronx: Hajiya Allah ya saka da alheri. Ustaz ma yana da gaskiyarsa, ni ban ga inda maganganunku suka ci karo ba. Malam Habu, tambaya ɗaya. Bayan gobarar, an hukunta wani? Kuma mutanen gari sun damu, ko cewa aka yi Allah ya ƙara?

Malam Habu: Sani, jaridun garin sun ɗauki labarin sosai, kuma an tara kuɗi a tsakanin abokan mamatan don jana'iza da jinyar waɗanda suka ji rauni. Gidan dai ka ji, an bar shi ya sake buɗewa ya yi wasu shekaru tara. In kana son ganin inda aka nuna halin ko-in-kula ƙarara, sai ka duba New Orleans. Ranar 24 ga Yunin 1973 aka cinna wa wata mashaya tasu mai suna UpStairs wuta, mutum 32 suka mutu, wasu a maƙale jikin ƙarafan taga mutane na kallo daga titi. Coci-coci da dama suka ƙi yi musu addu'a, wasu iyalai suka ƙi zuwa karɓar gawa, aka binne wasu a maƙabartar marasa galihu. Ba a taɓa gurfanar da kowa a kan wutar ba.

Injiniya Kabiru: Nan ma taga. Baba Ɗanjuma, ina roƙon a ba ni rana in yi bayani a kan ƙarafan da muke walda wa tagoginmu don tsoron ɓarayi. Akwai yadda ake yin guda ɗaya a kowane ɗaki mai buɗewa daga ciki, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kowane mai walda zai iya.

Ustaz Nura: Wannan kam ina goyon baya. Makarantar allonmu ma duk tagogin a walde suke, ga yara suna kwana a ciki. Injiniya, ka turo mini zanen in nuna wa mai unguwa.

Baba Ɗanjuma (mai kula da zaure): Injiniya, Asabar taka ce bayan la'asar. Malam Habu, New Orleans ka ajiye mana ita zuwa mako mai zuwa, ka zo da ita cikakkiya. Na goge saƙonni biyu da suka karya sharaɗi, masu su sun san kansu.